Kuben Jar Fata Mai Tuntu Biyu

Kara-Kara, Damagaram
4 ga Maris

Zuwa ga Baba Modu,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka, alhali sau ɗaya ka taɓa ganina, ranar sunan ƙanwata Wasila, kuma ko a ranar ɓuya na yi a bayan Inna. Ni ce Raudatu, babbar 'yar taubashinka Idirisu baduku, jikar gwaggonka Hajiya Shatu ta Guna. Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da ƙafar da aka ce tana damunka tun da ka ajiye aikin jandarma. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara.

Da na iya da na kira ka, amma talho ɗaya ne a gidanmu, kuma a aljihun Baba yake kwana. Shi ya sa na ba Malam Kassim, maƙwabcinmu mai tuƙa kar ta fasinja zuwa Diffa, wannan takarda.

Wata biyu da suka wuce Baba yana dawowa daga kasuwar Dakusa da la'asar, shi da abokinsa Alkasum, sai wasu mutum uku suka tare su. Suka ƙwace moto, wato babur ɗin Baba, da jakunkunan da ba a sayar ba, suka karya wa Alkasum hannu. Baba ba su doke shi ba. Kwantar da shi suka yi rub da ciki, ɗayansu ya ɗora masa ƙafa a wuya har suka gama. Tun daga ranar ya rage magana. Yakan zauna a zaure da basilla a hannu, fata na kan cinyarsa, ba ya huda komai.

Makon jiya ya shigo da bindiga, ƙarama, irin wadda ake cewa pistole. Ban san wurin wa ya samo ta ba. Na ji yana gaya wa Inna cewa uku aka shimfiɗa masa, ya ɗaga kowace ya ji, ya zaɓi wadda ta fi nauyi, wai mai nauyi ita ce ba a yi wa ha'inci a ƙira ba. Bai taɓa harba ta ba. Inna ta tambaye shi wa zai koya masa, ya ce mutumin da ya shekara talatin yana riƙe wuƙar da ke raba fata gida biyu ba ya bukatar a koya masa matsa ƙarfe da yatsa.

An ce kai ka shekara goma sha ɗaya kana koya wa sababbin jandarmomi harbi. Abin da nake so in tambaye ka biyu ne. Na farko, haka ake zaɓen wannan abu, da nauyi? Na biyu, da gaske ne wanda bai koya ba zai iya kare kansa da ita? A ajinmu an koya mana cewa duk abin da ya tura wani abu gaba, shi ma ana tura shi baya. Hannun Baba na dama yana da yatsa ɗaya da ba ya lanƙwasuwa, tun wani tsohon yanka. Nakan yi tunanin wannan yatsa har in kasa bin darasi.

Abu ɗaya ne mai daɗi, kuma ina so ka sani don kada ka ɗauka duk baƙin labari na kawo. Baba ya ɗinka mata kube. Ya zaɓi jar fatar akuya mafi laushi da ke shagonsa, irin wadda yake ajiye wa jakar amare, ya yi ta murza ta da mai har ta koma kamar ƙyalle. Ya kira ni na kitsa masa tuntu biyu dogaye a bakin kuben, domin ya ce idona ya fi nasa. Da muka gama ya ɗaga shi ya yi dariya, karo na farko tun abin da ya faru. Yana ɗaura shi a gaban cikinsa, ƙarƙashin riga. Ya sayi wata tsohuwar moto, kuma ya koma zuwa Dakusa kowace ranar kasuwa.

Don Allah kada Baba ya san na rubuto. Ka yafe mini kurakuran rubutu.

'Yarka,
Raudatu Idirisu

*

Diffa
7 ga Maris

'Yata Raudatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, kowa lafiya, ƙafa kuma sai godiya. Ba ki yi laifi ba. Na tuna ki, mai ɓuya.

Zan amsa tambayoyinki a gajarce, domin abin da ya fi tsorata ni ba ki sa shi cikin tambaya ba.

A'a, ba a zaɓen bindiga da nauyi. Ubanki ba ya yanka wa mutum takalmi sai ya auna ƙafarsa, amma ya je ya sayo wa hannunsa abin da bai auna ba. Ana duba ko hannu ya zagaye ta, ko yatsa ya kai, ko mai ita zai iya riƙe ta bayan ta buga. Kuma kafin duk wannan akwai takardar izini, wadda na tabbata ba shi da ita. Na biyu kuwa, wanda bai koya ba yana ɗauke ne da makamin da zai miƙa wa ɓarawo, in bai riga ya ji wa kansa ciwo ba.

Yanzu ki karanta da kyau. Kuben nan shi ne babban haɗarin. Fata mai laushi tana naɗewa, ga zufa za ta ƙara mata laushi. Tuntu kuma yana shiga inda yatsa yake shiga. Ranar da ya tura bindigar cikin kube, tuntu ko naɗin fata ya maƙale a kunamar, ita ba ta san bambancin fata da yatsa ba. Kin ce a gaban cikinsa yake ɗaurawa. Ki duba inda bakinta yake kallo.

Ke kada ki taɓa bindigar, ko da kin ji an rantse babu harsashi a ciki. Ki nisanta Wasila da ita. Na kira ubanki sau biyu, da na fara maganar tsaro a hanya sai ya ce yaushe bawansa ya fara ba shi shawara, ya yi dariya ya kashe. Kin san tsakanin taubasai, duk abin da na faɗa wasa zai ɗauka. Don haka dole in kai maganar inda ba zai iya yin dariya ba.

Babanki,
Modu

*

Kara-Kara
20 ga Maris

Baba Modu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri, rubutun ba zai yi kyau ba.

Takardarka ta kwana goma sha ɗaya a hanya. Kar ɗin Malam Kassim ta lalace, aka ba shi wata, takardar kuma ta zauna a cikin ta farkon. Tun da na rubuto maka Baba ya je Dakusa sau biyu da kuben a gaban cikinsa, ni kuma ina tsaye a ƙofa ina yi masa a dawo lafiya, har ina jin daɗi in na hango jan tuntun ya leƙo ta ƙasan riga. Ni na kitsa su, Baba Modu. Ni na ce a ƙara musu tsawo don su fi kyau.

Na karanta takardar a bayan aji lokacin hutun ƙarfe goma. Da na dawo gida na tarar Baba ya shigo, Wasila ta ruga ta rungume shi, ya ɗaga ta ya ɗora a cikinsa, ƙafafunta suna lilo daidai wurin. Ban san lokacin da na fizge ta ba. Ta yi kuka, Inna ta yi mini faɗa.

Na yi niyyar gaya masa. Sau uku ina zuwa bakin zaure da maganar a bakina. In ya ɗago ya ce, "Uwata, mene ne?" sai in ce ruwa na zo tambaya ko yana so. Ta yaya zan ce masa abin da ya sa shi dariya bayan wata biyu shi ne zai kashe shi? Kuma in ya ce wa ya gaya mini, me zan ce?

Sai na yi wauta, kuma dole in faɗa maka. Baba yana kulle bindigar a akwatinsa in yana gida, kuben kuma yana rataye shi a ƙusa don ya sha iska. Jiya da safe, ranar kasuwa, na ɗauke kuben na cusa cikin jakar lekol ɗina, wadda nake zuwa makaranta da ita. Na ɗauka in bai gan shi ba zai bar bindigar a gida. Ya nema, ya tambayi Inna, ya tambayi Wasila, ya ce rana tana yi masa. Sai ya buɗe akwati ya ɗauko ta tsirara, ya jefa a aljihun gaba na rigarsa, inda makullansa da carbinsa suke, ya hau moto ya tafi.

Ban je lekol ba. Na zauna a zaure tun safe har la'asar ina jin kowace moto da ta shigo layinmu. Na yi ta ganin carbin nan yana naɗewa a inda ka ce. Allah ya dawo da shi lafiya. Kafin ya gama alwala na mayar da kuben ƙarƙashin tarin fatu, ya gan shi ya ce tsufa ya fara kama shi. Yanzu ban san wanne ya fi ba, da kuben ko babu shi.

Akwai kuma layin ƙarshe na takardarka. Ka ce za ka kai maganar inda ba zai iya yin dariya ba. Na karanta shi ya fi sau ashirin. Baba Modu, in jandarmomi kake nufi, ina roƙonka don Allah ka dakata. Na san ba shi da takarda, na san laifi ne. Amma mutumin da aka taka wa wuya a kan hanya, in aka zo aka fitar da shi daga zaurensa a gaban 'yan unguwa, ba na jin zai sake ɗaga kai. Kuma ni ce zan zama na jawo. Tun jiya duk motar da ta tsaya a ƙofarmu sai in leƙa in ga ko su ne.

Ranar kasuwa tana sake zagayowa nan da kwana shida. Malam Kassim ya rantse wannan karon a aljihunsa zai sa takardar.

'Yarka,
Raudatu

*

Diffa
22 ga Maris

'Yata,

Kwantar da hankalinki. Babu wanda zai zo ya fitar da ubanki. Laifina ne da na rubuta wa yarinya magana rabi, na saba da masu kaki da ba sa tambaya. Kakarki nake nufi. A duniyar nan Hajiya Shatu ce kaɗai in ta ce wa Idirisu zauna, yake zama bai tambayi dalili ba. Na neme ta tun ranar, amma rezon talho a Guna sai an hau tudu, jiya na same ta. Ban ambaci sunanki ba. Na ce labari ya zo mini, ita kuma ba ta tambayi ta ina ba, salati kawai ta yi ta ce a nemo mata mota.

Ɗauke kuben kuskure ne, kin riga kin sani, ba zan ƙara miki ba. Kada ki sake yin dabara ke kaɗai a kan wannan abu.

Da ƙafata ta yarda da na zo da kaina. Akwai wani ajidan, babba a jandarma, a nan garinku, Zakariya'u, ni na koya masa riƙon bindiga yana ɗan shekara ashirin. Zai zo gidanku ranar Juma'a da safe, cikin farar riga, a matsayin baƙon Hajiya. Na gaya masa komai. Wanda ya miƙa bindiga da hannunsa ba ɗaya yake da wanda aka kama da ita ba, kuma Zakariya'u ya san yadda zai bi da maganar ta hanyar da ta dace.

Ki ci abinci. Ki koma lekol. Ki gaya mini abin da ya faru, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Modu

*

Kara-Kara
2 ga Afrilu

Zuwa ga Baba Modu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Kowa a nan lafiya. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da tsoro kamar yadda na karanta taka.

Hajiya ta iso ranar Alhamis da ƙullin gyaɗa, ba ta ce komai ba sai hirar gona. Juma'a da hantsi Ajidan Zakariya'u ya yi sallama. Hajiya ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, abin da ban taɓa gani ba, ta ce in kawo ruwa. Da na ajiye zan fita sai ta ce in zauna a bayanta. Ina jin ta sani.

Ta ce wa Baba, "Idirisu, ɗauko abin nan da kake ɗaurawa a ciki." Ya fara cewa wane abu, ta dube shi kawai. Ya tashi ya ɗauko.

Ajidan bai yi masa maganar doka ba da farko. Ya yaba ɗinkin kuben, ya tambayi inda ake jeme fatar, har Baba ya saki jiki yana yi masa bayanin bagaruwa. Sannan ya nemi izinin duba bindigar. Baba ya zare gidan harsashin ya ajiye gefe, ya miƙa masa yana cewa ga ta nan, babu komai a ciki, kullum haka yake yi in ya shigo gida. Ajidan ya juya bakinta ga tulin yashin da ke kusurwar zaure, ya ja samanta baya. Harsashi ɗaya ya faɗo a kan fatar da Baba yake zama, ya gangara ya tsaya a gefen ƙafar Hajiya. Baba ya ce bai san yana nan ba. Wai mai sayarwar ne ya ɗana ta ranar da yake nuna masa, tun ranar kuma yana ciki.

Ajidan ya sake dubawa sau biyu, ya nuna wa Baba ramin da idonsa, sannan ya ce ya ɗaura kuben ya mayar da ita yadda ya saba in yana sauri. Baba ya yi. Karo na farko ta shiga lafiya. Na biyu ma haka, har Baba ya fara murmushi yana kallon Hajiya. Ajidan ya ce ya zauna kamar yana kan moto, ya sake. Baba ya zauna a kan turmi, rigar ta tattare, ya tura.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an karya tsinke. Da ya zaro ta, tuntun hagu yana naɗe a kunamar.

Baba ya dubi inda bakin kuben yake, a kan cinyarsa ta ciki, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, a hankali, "Nan nake ɗora Wasila."

A nan ne na kasa riƙewa. Na ce, "Baba, ni na kitsa shi. Kuma ni na rubuta wa Baba Modu. Ni na ɓoye kuben ranar nan." Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka a gaban baƙo ba. Na jira faɗa. Ya ce tuntun shi ya ce a yi, fatar shi ya zaɓa, kuma baduku da ya ɗinka wa bindiga kuben wuƙa ba shi da bakin yi wa kowa faɗa. Hajiya ta ce ai dama tun yana yaro in ya iya abu ɗaya sai ya ɗauka ya iya goma.

Ajidan ya tafi da bindigar, Baba ya bi shi bayan Juma'a aka rubuta abin da za a rubuta. Ba a tsare shi ba, amma an yi masa tambayoyi har la'asar, kuma an ce zai sake komawa. Ajidan ya gwada hannunsa ya ce wannan ba tasa ba ce ko da yana da takarda, yatsan nan ba ya kaiwa sai ya karkatar da ita. Ya ce in Baba yana so da gaske, ya nemi izini tukuna, in an ba shi sai a zaɓi wadda ta dace da hannunsa, ya yi watanni yana koyo kafin ta bi shi ko'ina. Ya kuma gaya masa gaskiya cewa mutum uku da suka riga suka tare hanya, ko shi da ya shekara ashirin a aikin ba lallai ya zaro ba. Baba bai ce zai nema ba, bai ce ba zai nema ba. Na dai ga ya jiƙa wani ƙirgi mai tauri, ya ce yana so ya ga ko hannunsa zai iya irin kuben da Ajidan ya kwatanta, wanda ba ya naɗewa kuma ba shi da ado ko ɗaya.

Ba zan ce maka tsoro ya tafi ba. Ranar kasuwa Baba ya je Dakusa hannu sake, babu bindiga. Sun haɗu su bakwai suna tafiya tare, suna dawowa kafin la'asar, amma mutanen nan ba a kama su ba. Na je lekol kamar yadda ka ce, sai dai ban ji rabin abin da aka koyar ba.

Jiya na tarar da kuben a kan littattafaina. Baba ya toshe ƙasansa, ya sa masa maɓalli, bik huɗu da fensir suna shiga daidai. Tuntun biyu suna nan. Ya ce a wurina ba za su ja komai ba.

Ya ce in gaya maka wai bawa ya yi rana sau ɗaya, kada ya saba. Na tambaye shi ko zan iya ci gaba da rubuto maka, ya ce ba shi zan tambaya ba, tunda ban tambaye shi a karon farko ba. Don haka kai nake tambaya, Baba Modu. In ba zan dame ka ba, ka ba ni izini in riƙa rubutowa, ko da ranakun kasuwa kawai, lokacin da nake jiran ƙarar motonsa.

'Yarka,
Raudatu Idirisu